Saturday Night Special: Faifan Detroit na 1975 da Ya Ɓace, Ya Sake Dawowa Kasuwa

A shekarar 1975 wani ƙaramin kamfanin faifai mai suna Strata, a birnin Detroit na jihar Michigan ta Amurka, ya fitar da faifan garmaho mai taken Saturday Night Special. Ƙungiyar da ta yi kiɗan ita ce Lyman Woodard Organization, ƙarƙashin jagorancin makaɗin ogan Lyman Woodard. Kofe kaɗan aka buga, rabon bai yi nisa ba, kuma ba a jima ba kamfanin ya rufe ƙofarsa. Fiye da shekara talatin faifan yana hannun 'yan tsirarun masu tara tsofaffin faifai, waɗanda ke sayensa da ɗaruruwan daloli idan sun ci sa'ar ganinsa. A 2009 aka sake buga shi a New York, a 2017 kuma wani kamfanin Landan ya sake fitar da shi. Tarihinsa ya tattara kusan duk abin da ke faruwa da irin waɗannan faifai: yadda makaɗa suka yi su da aljihunsu, abin da ya binne su, da aikin da ake sha kafin a tono su.

Kiɗan da ake kira sol jaz

Sol jaz reshe ne na kiɗan jaz da ya tsiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1950. Kafin nan, salon da ake kira bibof ya mayar da jaz kiɗan saurare, mai gudu da sarƙaƙiya, wanda mai son rawa ba ya samun wurin sa ƙafa a cikinsa. Makaɗa irin su Horace Silver da Bobby Timmons da Cannonball Adderley suka koma ga abin da suka taso da shi a gida, wato waƙoƙin cocin baƙar fata da kiɗan buluz, suka zuba su cikin jaz. Sai aka sami kiɗa mai nauyi a ƙasa, mai amshi, wanda ɗan ƙwadago da ya taso daga aiki zai iya kaɗa kai da shi.

Kayan kiɗan da ya zama tambarin wannan salo shi ne ogan ɗin Hammond, musamman samfurin B-3 da ya fito a tsakiyar shekarun 1950. Yana da jerin maɓallai biyu na hannu da wani jeri na ƙafa. A cikinsa akwai ƙananan ƙafafun ƙarfe masu haƙora da ke juyawa kusa da maganaɗisu, su ne ke haifar da sautin. Akan haɗa shi da lasifikar Leslie, wadda bakinta ke juyawa a cikin akwati, shi ya sa muryar ogan ɗin ke rawa kamar mai waƙa yana karkaɗa maƙogwaro. Jimmy Smith ne ya fito da shi fili a jaz tun daga faifansa na kamfanin Blue Note a 1956. Jack McDuff da Jimmy McGriff da Shirley Scott suka bi sahu.

Akwai kuma dalilin kuɗi. Mai ogan shi kaɗai yana iya riƙe sautin bes da hannun hagu da ƙafa, ya yi karin waƙa da hannun dama. Idan aka ƙara mai ganga da mai jita, mutum uku sun cika ɗaki da sauti kamar su goma. Masu ƙananan mashayu a unguwannin baƙar fata na Philadelphia da Newark da Chicago da Detroit sun ga sauƙi a nan, sai irin wannan ƙungiya ta mutum uku ta zama abincin dare a wuraren.

Birnin da ya haifi faifan

Detroit birnin mota ne. Masana'antun Ford da General Motors da Chrysler sun jawo dubban ɗaruruwan baƙar fata daga jihohin kudu, har yawan mutanen birnin ya kai kusan miliyan 1.85 a ƙidayar 1950. Albashin masana'anta ya ciyar da gidajen rawa, makarantun gwamnati kuma suna koyar da kiɗa da gaske. Daga nan Milt Jackson da Kenny Burrell da Tommy Flanagan da Barry Harris da Donald Byrd da Yusef Lateef suka fito. A 1959 Berry Gordy ya kafa Motown, kuma da yawa daga makaɗan da ke yi wa taurarinsa kiɗa da rana 'yan jaz ne da dare.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa. An rushe unguwannin Black Bottom da Paradise Valley, cibiyar kasuwanci da nishaɗin baƙar fata, aka shimfiɗa babbar hanya a kan wani sashensu. Masana'antu suka riƙa ƙaura zuwa bayan gari. Ranar 23 ga Yulin 1967 'yan sanda suka kai samame wata mashaya marar lasisi a titi na 12, tarzoma ta ɓarke ta kwana biyar. Mutum 43 suka mutu, aka kama sama da dubu bakwai, har sai da gwamnatin tarayya ta turo sojoji. Fararen fata masu hali suka ƙara kwarara zuwa unguwannin waje, suka tafi da harajinsu. A 1972 Motown ta kwashe ta koma Los Angeles, ta bar makaɗa da yawa ba aikin yi. Takunkumin man fetur na 1973 ya bugi cinikin manyan motoci. A 1974, shekarar da Coleman Young ya kama aiki a matsayin baƙar fata na farko da ya zama magajin garin, an yi kisan kai 714 a birnin, adadin da ya jawo masa mummunan laƙabi a jaridun ƙasar.

Makaɗa sun kafa nasu

Strata amsa ce ga wannan hali. Makaɗin fiyano Kenny Cox da mai busa turamfet Charles Moore suna cikin ƙungiyar Contemporary Jazz Quintet, wadda ta yi faifai biyu a Blue Note a 1968 da 1969. Sun ga yadda harkar take daga ciki: kamfani ne ke mallakar tef ɗin asali, shi ke yanke abin da za a fitar da lokacin fitarwa, makaɗi kuwa sai ɗan abin da aka ba shi ranar ɗauka. Sai suka haɗa kai da abokansu suka kafa Strata a ƙarshen shekarun 1960, da nufin makaɗa su riƙe komai da kansu, daga wurin wasa zuwa ɗaukar sauti da buga faifai.

Ba su ne farau ba. Charles Mingus da Max Roach sun kafa kamfanin Debut a 1952. Sun Ra ya daɗe yana buga faifansa da kansa. A Chicago an kafa ƙungiyar makaɗa ta AACM a 1965. Amma farkon shekarun 1970 ne abin ya yi yawa a lokaci guda. A New York, Charles Tolliver da Stanley Cowell suka kafa Strata-East a 1971, sunan da ya samo asali daga alaƙarsu da mutanen Detroit. A California, Gene Russell ya jagoranci Black Jazz. A Detroit ɗin kanta, Wendell Harrison da Phil Ranelin suka kafa Tribe, mai kamfanin faifai da mujalla.

Strata tana da zauren wasa, wanda a ƙarshe ya zauna a gida mai lamba 46 kan titin Selden. Manyan baƙi sun yi wasa a can, cikinsu har da Mingus a watan Fabrairun 1973. Faifan da kamfanin ya iya fitarwa kafin ya durƙushe ba su kai goma ba. Akwai Location na Contemporary Jazz Quintet, da Inside Ourselves na ƙungiyar Sphere, da Live'n Well na Bert Myrick, da na Maulawi, da Time na Larry Nozero. Na Woodard yana cikin na ƙarshe-ƙarshe.

Woodard da mutanensa

An haifi Lyman Woodard a 1942 a Owosso, wani ƙaramin gari a jihar Michigan. Da fiyano ya fara, ya kuma yi karatu a makarantar kiɗa da Oscar Peterson ya buɗe a Toronto ta Kanada. Jin kiɗan Jimmy Smith ne ya sa ya koma ogan. Da ya sauka Detroit a tsakiyar shekarun 1960 ya shiga cikin matasan Detroit Artists Workshop, taron mawaƙa da makaɗa da masu zane da aka kafa a 1964, inda Charles Moore da marubuci John Sinclair da mai ɗaukar hoto Leni Sinclair suke.

Abincinsa a mashayu yake. Ya yi shekaru yana wasa da mai jita Dennis Coffey, ɗaya daga makaɗan ɗakin ɗaukar sauti na Motown, da mai ganga Melvin Davis. An ɗauki wani wasansu na 1968 a gidan rawar Morey Baker, amma sai bayan kusan shekara hamsin kamfanin Resonance ya fitar da shi. A farkon shekarun 1970 Woodard ya zama shugaban makaɗan Martha Reeves and the Vandellas, fitattun mawaƙan Motown. Wannan ya sa hannunsa ya saba da abu biyu da ba kasafai ake samun su wuri guda ba: ladabin kiɗan da aka yi don rediyo, da 'yancin jaz na masu gwaji.

A Saturday Night Special ya kaɗa ogan da fiyanon lantarki da Mellotron. Ron English ya riƙe jita da bes, Leonard King ya riƙe ganguna, Lorenzo Brown da Charles Moore suka ƙara kayan bugu na hannu. Mai busa saksofon wata matashiya ce, Norma Jean Bell, wadda daga baya ta yi aiki da Mahavishnu Orchestra da Tommy Bolin, a shekarun 1990 kuma ta zama sananniya a kiɗan rawa na lantarki na Detroit tare da Moodymann.

Bango da abin da ke ciki

Taken faifan kalma ce ta titi. A Amurka haka ake kiran ƙaramar bindiga mai araha, irin wadda ake saye a ɓoye a aljihu, a fito da ita idan rigimar daren Asabar ta tashi. Hoton bangon, wanda Leni Sinclair ta ɗauka, ba ya nuna fuskar kowa. Abin da ke aljihun makaɗi ne aka zube bayan an tashi daga wasa: takardun kuɗi, kayan shan taba, da bindiga. Wanda aka biya shi a hannu da ƙarfe biyun dare, zai kuma ɗora ogan mai nauyin kusan kilo 190 a mota a bakin titi mai duhu, ya san dalilin haɗuwar waɗannan abubuwa.

Sunayen kiɗe-kiɗen ma taswirar gari ce. Joy Road titi ne a yammacin Detroit. Belle Isle Daze na nuni da tsibirin shaƙatawa da ke tsakiyar Kogin Detroit, inda iyalai ke zuwa gasa nama lokacin zafi. Ɗaya an sa masa sunan Allan Barnes, mai busa saksofon ɗan garin da ya yi suna a ƙungiyar Blackbyrds. Cheeba kalmar titi ce ta tabar wiwi. Creative Musicians kuwa yana da murya, kuma kira ne ga makaɗa 'yan uwa su dage kan sana'arsu, abin da ya sa ya zama kamar taken Strata baki ɗaya.

Abin da ya raba faifan da sol jaz na shekarun 1960 shi ne yanayinsa. Ba kiɗan annashuwar mashaya ba ne tsantsa. Kiɗan farko yana tafiya ne kan bugu guda mai maimaituwa, ba gaggawa, sautin Mellotron kuma yana shawagi a sama kamar kiɗan fim ɗin 'yan sanda. Mellotron na'ura ce da aka ƙera a Birmingham ta Ingila. Ƙarƙashin kowane maɓallinta akwai guntun tef da aka ɗauki sautin goge ko sarewa a kai. Idan aka danna, tef ɗin ya yi kamar daƙiƙa takwas ya ƙare. Tef ba ya tafiya daidai ɗari bisa ɗari, don haka sautin yakan ɗan karkace, ya fito da sanyi da kewa. Ga ƙungiyar da ba ta da kuɗin hayar masu goge ashirin, wannan ce hanyar samun su. A wasu wuraren kuma gangunan hannu irin na Kuba ne ke jan ragama, ogan yana bi. Ɗaukar sautin ba ta da ƙyallin manyan kamfanoni. Tana da kaushi, kuma wannan kaushin na cikin abin da masu saurare na baya suka ƙaunata.

Yadda faifai ke ɓacewa

Ƙaramin kamfani ba a wajen kiɗa yake faɗuwa ba, a wajen rabo yake faɗuwa. Masana'antar bugawa tana karɓar kuɗinta nan take. Dillalin da ke kai faifai shaguna kuwa bashi yake ɗauka, ya biya bayan watanni, kuma yana da damar dawo da abin da bai sayu ba. Kamfanin da ba shi da wani faifai mai tashe da zai riƙe dillali da shi yakan jira kuɗinsa har ya gaji. Ga rediyo, wanda sai da talla da sanayya. Ga kuma tsadar roba: faifai daga sinadarin PVC ake yinsa, wanda ke da tushe a man fetur, kuma rikicin mai na 1973 ya jawo ƙarancinsa, masana'antu suka fifita manyan abokan ciniki.

Lokacin ma bai taimaka ba. A tsakiyar shekarun 1970 disko ya fara cinye gidajen rawa, masu wuraren suka gane cewa dije ɗaya ya fi ƙungiya araha. Kamfanin Hammond ya daina ƙera B-3 a daidai wannan lokaci. Strata ta tsaya da tef ɗin faifai da dama da aka gama ɗauka ba a buga ba. Woodard ya ci gaba da wasa a Detroit, musamman a mashayar Cobb's Corner, inda aka ɗauki faifansa na 1979, Don't Stop the Groove. A garinsa sananne ne. A waje kuwa kusan ba wanda ya san shi.

Masu tono

Waɗanda suka farfaɗo da irin wannan kiɗa ba masu sharhin jaz ba ne. A Landan ta shekarun 1980, dije irin su Norman Jay da Gilles Peterson sun gina sunansu kan tsofaffin faifan Amurka da ba wanda ya sani, matasa suna rawa da su. A Japan shagunan faifai suka riƙa aika masu saye su zaga Amurka. A Amurka kuma masu haɗa kiɗan hip hop suna neman guntun ganga ko na bes da wani bai taɓa amfani da shi ba, suna bin kwandunan gwanjo da ɗakunan ajiya na ƙarƙashin gidaje. A shekarun 1990 kamfanin Soul Jazz na Landan ya fitar da tarin kiɗe-kiɗen Strata-East da na Tribe, sunayen suka fara zagawa.

Intanet ta ƙarasa aikin. Shafin gwanjo na eBay, da kuma Discogs da aka kafa a 2000, sun sa kowa ya ga abin da ake biya. Faifan da mai shago a Detroit zai sayar da 'yan daloli ya zama kadara. Masu saye suna duba komai: lambobin da aka kanƙara a filin da ke kusa da tambarin tsakiya, ko kusurwar bango ta lanƙwashe, ko an huda shi alamar kayan da aka karyar. Tsada kuma ta jawo na jabu, wato bugun da wani ya kwafa daga tsohon faifai ba izini, ba sisin da zai kai ga makaɗi.

Bugu biyu na halal

Mujallar Wax Poetics, wadda aka kafa a Brooklyn a 2001 don masu tonon faifai, ta buɗe sashen buga faifai, kuma ita ta fara dawo da Saturday Night Special a 2009. Woodard ya rasu a watan Fabrairun wannan shekara, yana da shekara 66, a garin haihuwarsa. Kenny Cox ya riga shi da 'yan watanni, a ƙarshen 2008.

Cikin waɗanda suka yi aikin bugun na 2009 akwai Amir Abdullah, wanda aka fi sani da DJ Amir, ɗaya daga masu tono biyu da ake kira Kon and Amir. Binciken da ya yi daga baya kan tarihin Strata ya kai shi ga matar marigayi Cox, wadda ta adana tef-tef da takardun kamfanin tsawon shekaru. Da yardarta ya kafa kamfanin 180 Proof don fitar da kayan Strata, ya fara da Clap Clap! The Joyful Noise na Cox, wanda ya kwana kusan shekara arba'in ba a buga ba. Daga baya ya haɗa gwiwa da kamfanin BBE na Landan, mai hanyar rabo a ƙasashe da yawa, kuma a 2017 suka fitar da na Woodard a faifai biyu. Wannan bin sawu ne ya kai ga tef ɗin wasan Mingus na 1973 a titin Selden, wanda ke wurin matar marigayi Roy Brooks, mai gangar wannan dare. An fitar da shi a 2018. A 2022 ƙungiyar Jazzanova ta Berlin ta sake kaɗa wasu kiɗe-kiɗen Strata a faifai guda, har da na Woodard.

Irin wannan labari ba a Amurka kaɗai yake ba. A Nijar, kaset ɗin da makaɗin ogan Mamman Sani ya ɗauka a Yamai a 1978 ya yi shekaru ba a jin ɗuriyarsa, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya buga shi a faifai, ya kai shi kunnen Turai da Amurka.

Daga tef zuwa roba

Sake buga faifai yana farawa ne da takarda. Haƙƙi iri biyu ne: na sautin da aka ɗauka, da na wanda ya tsara kiɗan. Sau da yawa kamfanin ya mutu, masu shi sun rasu, sai an nemo magada. Wannan kan ɗauki lokaci fiye da duk sauran aikin.

Sai tef. Tef-tef da yawa na shekarun 1970 suna da wata cuta: gam ɗin da ke riƙe garin maganaɗisu yana tsotsar laima, ya yi danƙo, idan aka kunna sai ya saɓule a kan na'ura tare da kiɗan. Maganinsa shi ne a gasa tef ɗin a tanda ta musamman, a zafin da bai wuce kimanin digiri 55 ba, na sa'o'i da yawa. Hakan na ba da 'yan kwanaki da za a iya kwafe shi lafiya. Idan tef ya ɓace gaba ɗaya, sai a nemo kofen faifai mafi tsabta a kwafa daga gare shi, a goge ƙarar ƙura da kwamfuta.

Daga nan injiniya zai yanka faifan asali. Farantin alminiyon ne da aka shafe da wani fenti mai laushi. Allura mai zafi tana tsaga siririyar hanya guda ɗaya a kansa, mai zagayawa daga baki zuwa tsakiya, wadda tsawonta a fuska ɗaya kan kusanci rabin kilomita. Sauti mai nauyi yana sa allura ta yi lilo da faɗi, ya ci wuri. Shi ya sa ake rage shi wajen yanka, na'urar mai saurare ta mayar da shi, bisa ƙa'idar da masana'antar ta amince da ita tun 1954. Fuska ɗaya ta faifai mai inci 12, mai juyi 33 da sulusi a minti, tana ɗaukar kamar minti 20 zuwa 22 ba tare da sauti ya raunana ba. Dalilin raba tsohon faifai ɗaya zuwa biyu ke nan: idan hanya ta sami fili, bes ɗin ogan yakan fito da cikarsa.

Ana fesa azurfa a kan farantin, a tsoma shi cikin ruwan nikel da lantarki, a ɓamɓaro hatimin ƙarfe. A masana'anta, curin roba mai zafi, kamar girman ƙosai babba, ana sa shi tsakanin hatimi biyu da takardun tambari sama da ƙasa. Injin ya matse da nauyin kusan tan ɗari, tururi ya narkar, ruwan sanyi ya daskarar, a datse baki. Cikin rabin minti faifai ya fito. Kafin a buga da yawa sai an aika 'yan kofen gwaji a saurara. Nauyin giram 180 da ake tallatawa yana sa faifai ya zauna daram kuma ba ya saurin lanƙwashewa, amma ba shi ke gyara sauti ba. Ingancin tef da hannun mai yanka su ne komai.

Sana'ar tana tafiya ne kan tsofaffin kaya. Injinan yanka na Neumann da aka fi amfani da su an daina ƙera su tun shekarun 1980. A watan Fabrairun 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters a California, ɗaya daga biyu kacal da ke yin farantin yanka a duniya, aka bar ta Japan ita kaɗai.

Kasuwar yau

A 2022, bisa alƙaluman ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, an sayar da faifan garmaho kusan miliyan 41 a ƙasar, CD kuma miliyan 33, karo na farko da garmaho ya wuce CD a yawa tun 1987. Wannan bunƙasa ce ta sa buga kofe dubu ɗaya ko biyu na tsohon faifan jaz ya zama ciniki mai yiwuwa. Ta zo da nata ciwon: manyan taurari sun cika layin masana'antu, ƙananan kamfanoni suka yi watanni suna jira, kamar dai yadda aka yi bayan rikicin mai na 1973. Sabon bugu kuma bai cika karya farashin na asali ba, domin mai tara faifai abin tarihi yake saye, mai saurare kuma kiɗa.

Tambayar da ta rage ita ce wa ke cin moriya. Da yawa daga makaɗan sun rasu kafin duniya ta waiwaye su, kuma ribar ƙaramin bugu ba ta da yawa. Amma bambancin bugun halal da na jabu a fili yake: na halal yana biyan magada, yana rubuta sunan kowane makaɗi daidai, yana kwafe tef kafin ya ruɓe. A nan ne tsarin Strata ya nuna amfaninsa. Da tef-tef ɗin mallakar wani babban kamfani ne, da wuya a damu da faifan da bai yi ciniki ba. Da yake a hannun iyalan makaɗa suka zauna, an sami wanda za a roƙa, an kuma sami wanda za a biya.

Detroit ta shiga fatarar kuɗi a hukumance a 2013, kuma ƙidayar 2020 ta sami mutum kusan dubu 639 a cikinta, wato kamar sulusin na 1950. Duk da haka har yanzu ana buga faifai a birnin. Masana'antar Archer tana aiki tun 1965, a 2017 kuma kamfanin Third Man ya buɗe sabuwa a unguwar Cass Corridor, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga titin Selden inda zauren Strata yake.